Dabinon Auta

Yanzu duk wanda ya sauka kwarinmu da safe, ƙarar injin jan ruwa zai ji, fat-fat-fat, da warin isansi, wato fetur. Mu da muka tashi, jigo ne ke tashe mu. Kunnena har yau bai manta ba: itacen ya yi ƙara in Baba ya danna shi, guga ya faɗa rijiya ya ce tsulum, ruwa ya bi ƴar hanyarsa yana sulalawa zuwa fangalin albasa, kurciyoyi kuma suna ta nasu a bisa goruba. Kwarin nan yana kudu da Gure, tuddan rairayi sun kewaye shi kamar bakin akushi. Kana bisa tudu ba ka ganin komai sai fari fat da zafi, kana gangarowa sai sanyi ya doki fuskarka, ga rogo, ga rake, ga dabino sun yi rumfa. Ruwa kusa yake a lokacin, macen da ta zo rijiya da doguwar igiya dariya ake yi mata. Ni ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga aji ba, ban san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma a kawo mini mai takardar da ya fi ni sanin wurin nan, mu zauna.

Baba yana da wata al'ada tasa. Ranar sunan kowane ɗa, tun kafin a yanka rago, sai ya cire ɗan dabino daga gindin uwarsa ya dasa, ya ce wannan na wane ne. Nawa yana bakin rijiya. Na ƙanwata, wadda muke kira Auta don daga ita Innarmu ba ta ƙara ba, yana can gabas, a gindin tudu. Kowa shi ke ba nasa ruwa, amma da yake Auta ƙarama ce, ni ke ɗaukar mata tulu, ita tana biye da ni da ƴar ƙwarya tana zubar da rabi a hanya tana cewa ita ma aiki take. Da suka fara ƴaƴa, na Auta ya fi na kowa zaƙi, ya kuma fi na kowa saurin tsawo. Baba ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau, mu mu shimfiɗa tabarma a ƙasa muna ɗaga kai har wuya ya yi ciwo. Innarmu kuma tana can tana kaɗa nono. Man da ta samu a ƴar ƙaramar tukunya take sa shi, ta sa tukunyar cikin tsohuwar randa, ta cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ta rufe da tsumma mai laima a inuwa. Ko ana zafin da jaki ke ƙin tafiya, man nan yana nan a daskare. Takan ce mana, "Wadda ta bar rairayin nan ya bushe, ita da miya mai mai sai wata kasuwar."

Auta ba ta kai ta fara daka ita kaɗai ba ƙishirwa ta kama ta. Ƙishirwa ce irin wadda ban taɓa gani ba. Ta shanye ƙwarya ta miƙo, a cika, ta shanye ta miƙo. Daga randa sai bayan gida, daga bayan gida sai randa. Tana ci fiye da ni, amma kullum ƙara zubewa take, har munduwarta ta fara sulɓewa daga hannu. Aka yi rubutu ta sha. Aka kawo wani mai magani daga wajen Kelle, ya yi hayaƙi ya ba da sassaƙe. Tsofaffin kwari suka taru suka duba ta, suka ce yarinya jikinta ya yi sanyi, a ba ta abin da zai mayar mata da nama. To me muke da shi da ya fi dabino? Innarmu ta jiƙa shi ta dama mata da fura. Baba ya sauko da na itacenta kaf, bai kai ko ɗaya kasuwa ba. Ni kuma rabona nake ɓoyewa a bakin zane, in kai mata, in cire ƙwallon in sa mata a baki da wannan hannun nawa, ina cewa, "Ci, Auta, ci ki yi ƙiba ki fi ni." Takan yi murmushi ta ce, "Yaya, ko ban ci ba na fi ki kyau."

Ni ce na fara lura da kiyashi. Duk inda ta tsuguna, in na dawo wurin sai in tarar sun yi baƙi a kai, kamar an zubar da zuma. Na nuna wa Innarmu, ta ce in rufe da rairayi in rufe bakina. Ba a jima ba Auta ta kwanta. Numfashinta ya koma mai zurfi, ana jin sa daga tsakar gida, bakinta yana wani ƙamshi kamar dabinon da ya kwana cikin ruwa ya fara tsami. Ranar da ta tafi, rana tsaka ce, Baba yana jan jigo, sai kawai muka ji jigon ya tsaya, don kukan Innarmu ya isa rijiya. Bayan an kai ta na zauna ni kaɗai na haɗa abin a kaina, da hankalin yarinya. Zaƙi muke zuba mata, zaƙi ke fita, kiyashi ne shaida. Ashe mu muka kashe ta, kuma hannuna ya fi na kowa yawa a ciki. Ban gaya wa kowa ba. Daga ranar dabino bai ƙara shiga bakina ba. Na yi aure na dawo cikin Gure, na haihu, na aurar, na yi jikoki. Azumi ya zo kowa ya buɗe baki da dabino, ni da ruwa. A kawo na ɗaurin aure in miƙa wa na kusa da ni. Mata suna cewa haƙori ne, na bar su a haka.

Sai ga shi tsufa ya zo mini da abin da ban zata ba. Ɗana na fari yana da ɗiya, ita ce ke kwana ɗakina, Ƴar Lakwal nake kiranta don ba ta da zance sai na malamansu, madam ta ce, mushe ya ce. Baki gare ta kamar reza. Wata shekara na ga ta fara tashi daga tabarma zuwa randa, daga randa zuwa bayan gida. Uwarta ta ce zafi ne. Ubanta ya ce girma ne ya sa take ramewa. Ni kuwa na bi bayanta da sandata na je na duba inda ta tsuguna. Na tarar da su, baƙi ƙirin, kamar tun na wancan zamanin ne suka biyo ni. Na juyo da sauri. Na tarar da ɗana yana shirin fita kasuwa, na ce, "Ajiye buhun nan. Likita za mu, yanzu." Ya ce, "Iya, bari a ga gobe." Na ce, "Na taɓa ganin goben nan tun ba a haife ka ba. Ɗauko ta."

A likita, wato asibiti, muka samu majo, babban mai duba marasa lafiya na wurin, wani siririn yaro da a haife na haifi wanda ya girme shi. Ya soki yatsarta, ya ɗiga jinin a bakin wata ƴar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, ya duba, ya dube ni. "Hajiya, wa ya ce ku kawo ta?" Na ce kiyashi. Bai yi dariya ba. Ya ce ciwon sukari ne irin na yara, jikinta ya daina yin wani ruwa da ke shigar da abinci cikin nama, shi ya sa take ci tana ramewa. Ruwan nan kuma yanzu akwai shi a kwalba, ansilin sunansa, za a riƙa yi mata allurarsa safe da yamma muddin rai. Suka kwantar da ita kwanaki. Ni fa na zo ne da likkafani a zuciyata, don na san hanyar nan, na san inda take ɓullewa. Sai na ga hanyar ta karkata a gaban idona. Ƙishirwa ta kwanta. Idon da ya faɗa ya fara cikowa. Rana ta huɗu yarinyar ta dube ni ta ce, "Tsohuwa, kukan me kike? Ko kin ƙagu in tafi ki gaji sak ɗina na littattafai ki shiga lakwal?" Na riƙe kwalbar nan a hannuna, ba ta kai ɗan yatsana ba. Na yi ta juya ta ina tasbihi. Abin da ya gagari rubutu da hayaƙi da tsofaffin kwari duka, ga shi Allah ya sa shi cikin abin da zan iya ɓoyewa a kumatu.

Ranar sallama majo ya ce maganin ba ya son zafi, in ya sha rana ya mutu ko da ido bai gani ba. "Kuna da firigo?" Ɗana ya sunkuyar da kai. Ya ce akwai na mai butik, mai shagon unguwa, amma wuta tana yini ba ta zo ba. Na ce wa majo, "Ɗan nan, sanyi kawai yake so?" Ya ce sanyi da inuwa. Na kwatanta masa randar Innarmu. Ya ajiye bik ɗin da yake rubutu da shi ya ce, "Hajiya, abin da nake shirin koya muku ke nan." Na ce, "Ka makara, uwata ta riga ka." Muna zuwa gida na haɗa ta da hannuna, tukunya cikin randa, rairayi tsakani, kwalba a ƙulle cikin leda don kada ruwa ya taɓa ta. Har yau ni ke jiƙa rairayin nan safe da yamma, ban yarda kowa ya taɓa ba. Yarinya kuwa ta koyi yi wa kanta allura, ta kama fatar cikinta ta soka ko ƙiftawa ba ta yi, ni da na haifi bakwai ina kau da kai. Wani lokaci ƴan takardun da ake gwada jininta da su a gida su ƙare, sai ubanta ya nemo daga Damagaram, a yi kwanaki ana tafiya da lura kawai. A haka dai muke.

Amma akwai magana ɗaya ta majo da kunnena ya ji, zuciyata ta ƙi. Ya ce wani lokaci allura takan fi ƙarfin abincin da ke cikinta, ko don ba ta ci sosai ba, ko don ta yi aikin wahala, sai sukarin jikinta ya faɗi ƙasa. In ta fara gumi da rawar jiki, a ba ta abu mai zaƙi nan take. Don haka kada ta fita ko'ina ba dabino uku a ƙulle a bakin ɗankwalinta. Dabino! Na ce a raina, yaron nan ya san kwalba, amma bai taɓa binne kowa ba. Uwarta ta riƙa ƙulla mata. Ni kuma in na ga ɗankwalin a rataye, in kwance in jefa wa awaki, in mayar da ƙullin yadda yake da ƴan tsakuwa a ciki. Na yi haka sau da yawa, Allah yana rufa asiri, ni kuma ina ganin wayona ne ke tsare ta.

Lokacin nunar dabino, lakwal tana hutu, ɗana ya ce zai je kwari ya duba abin da ya rage na itatuwan Baba. Na ce zan bi shi in yanko kaba, Ƴar Lakwal ta ce ƙafarta ƙafata. Ta yi allurarta ta safe, ta kurɓi kunu kaɗan don ɗoki, muka hau amalanke. Da muka kai gindin tudun gabas jaki ya kasa jan mu cikin rairayi. Ɗana ya ce zai zagaya ta yamma inda ƙasa ke da ƙarfi, mu kuma muka ce za mu yanke ta bisa tudu. Na daɗe rabona da wurin. Muna hawa ƙafa tana nutsewa, ita tana gaba tana tsokanata, "Kaka, in goya ki?" Da muka kai bisa na duba ƙasa, na rasa rabin kwarinmu. Tudu ya gangaro ya cinye gefen gabas duka, inda rake yake da inda muke shanya tabarmi. Ina cikin neman wurin da ido sai na ji shiru a gefena. Bakin nan da ba ya hutawa ya mutu.

Na juya na gan ta zaune, gumi yana zubo mata kamar an kwara mata guga, hannu yana kakkarwa, leɓe ya yi fari. Tana ta fama da ƙullin ɗankwali. Ya kwance, tsakuwa uku suka zubo a cinyarta. Ta dube su, ta dube ni. "Kaka, ina dabinona?" Harshenta ya yi nauyi kamar mai magagi. Na ce, "Na ba awaki." Ba ta yi fushi ba, ƙarfin fushin ma babu. Ta ce, "Zaƙi, Kaka. Yanzu. In na kwanta ba zan iya haɗiya ba." Na ƙwala wa ubanta kira, iska ta mayar mini da muryata. Ba gida, ba mutum, ba ko ƙwayar sukari. Na waiga hagu na waiga dama, sai idona ya faɗa kan wani kan dabino da ya fito daga cikin tudun, ƙasa da mu kaɗan, ba gangar jiki, ganye kawai da nonnan ƴaƴa suna reto kusa da rairayi. Na duba inda rijiya take, na duba gabas, na gane shi. Na Auta ne. Itacen da Baba ke ɗaura igiya ya hau har ya koma ƙarami a idonmu, rairayi ya binne shi har wuya, bai mutu ba, ya kawo ƴaƴansa daidai inda hannun tsohuwa zai kai.

Ban san yadda na gangara ba, da gindi ne ko da ƙafa. Na tsinko cikin hannu, nunannu, masu laushi, na rarrafo na dawo. A nan ne fa hannuna ya tsaya. Duk abin da na sani a duniya, duk abin da na riƙe tun ina yarinya, yana ce mini wannan ne ya kashe waccan, daga itacen nan, da hannun nan. Ita kuma idonta ya fara lumshewa, tana buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Na ce bismillahi, na cire ƙwallon, na murje naman da yatsa, na sa mata. Ta tauna ta haɗiye. Na ƙara, na ƙara. Na rungume ta ina jiran numfashin nan mai zurfi da na sani. Bai zo ba. Kafin inuwar ganyen ta matsa taki ɗaya, rawar jiki ta tsaya, gumi ya tsane, jini ya dawo leɓenta. Ta buɗe ido tangaran ta ce, "Tsohuwa, tsakuwa? Ni kaza ce?" Na fashe da wani abu da ban san ko kuka ne ko dariya ba, har ubanta ya jiyo daga ƙasa ya hauro a guje.

Washegari na sa aka kai ni likita, na ce ni ce marar lafiya. Na zauna gaban majo na zazzage masa komai, tsakuwa da awaki, har da zancen Auta da ban taɓa gaya wa mijina ba har ya koma ga Allah. Ya yi mini faɗa a kan tsakuwar, faɗa sosai, na sunkuyar da kai na karɓa, abin da ban saba ba. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, ƙanwarki ba dabino ya kashe ta ba. Ko kun hana ta shi, ko ruwa da ganye kawai kuka ba ta, tafiya za ta yi, don abin da jikinta ya rasa ba ya cikin kwarinku a lokacin. Ba ki da abin ba ta sai abin da kika ba ta." Na ce, "Ka tabbata, ko lallashin tsohuwa kake?" Ya ce, "Yanzu na gama yi miki faɗa, kin ga alamar mai lallashi?" Na fito na zauna a inuwar bango kafin mu kama hanyar gida.

Yanzu ni ke ƙulla mata dabinon da hannuna kowace safiya, bayan na jiƙa rairayin randa. Takan kwance ta duba a gabana, wai ba ta yarda da ni ba tukuna. Ta yi tsawo ta wuce ni, munduwarta ta matse ta har an sake mata wata. Na sa ubanta ya kafa shingen kaba a bisa tudun gabas ko rairayi zai dakata wa itacen nan, don in aka bar shi, nan da ƴan shekaru ko ganyen ba za a gani ba.

Azumin da ya wuce majo ya hana ta yi, ta yi ta ƙunƙuni, sai ta ɗora wa kanta aikin haɗa mini abin buɗe baki. Ranar farko ladan ya kira, na miƙa hannu ga ƙwaryar ruwa kamar kullum, ta janye ta. Ta kwance bakin ɗankwalinta ta ciro ɗaya, ta cire ƙwallon, ta kawo bakina. Na ce, "Naki ne, na tsaron rai." Ta ce, "Saura biyu, kuma ga buhu a ɗaki. Ci, tsohuwa, ci ki yi ƙiba ki fi ni." Ban taɓa gaya mata maganar nan da nake yi wa Auta ba, ko majo ban gaya masa ita ba. Na buɗe baki. Haƙoran da zan tauna da su sun tafi, sai na bar shi a bisa harshe ya narke da kansa. Zaƙinsa yana nan yadda na bar shi.